Sa Hannu: Ɗaukar Alhaki ko Nuna Isa?

'Yan'uwa ɗalibai, shin wajibi ne mai bayyana ra'ayi ya rattaba sunansa a ƙarƙashin maganarsa?

Marubuta waƙoƙinmu sun daɗe da ba da tasu amsar. Sau da yawa mawaƙi kan ambaci sunansa da na garinsu a baitocin ƙarshe, har ya ƙara da ramzin shekara. Wanda ya san za a neme shi, dole ya auna kalmominsa kafin ya soki alƙali ko ya yi wa sarki gugar zana.

To, amma a Amurka, tsakanin 1787 da 1788, Hamilton da Madison da Jay sun rubuta maƙaloli 85 na kare tsarin mulkin ƙasarsu, duk da sunan aro guda, wato Publius. Sai ya zamana hujja ake aunawa, ba mai ita ba. Mu kuwa, da zarar mun ga "Farfesa" a ƙasan takarda, sai bakinmu ya mutu.

A ganina, mai kawo hujja yana iya sakaya sunansa. Mai tuhumar wani da laifi kuwa tilas ya fito fili, domin wanda aka tuhuma ya san wanda zai tunkara.