Mai Haɗa Akwatin Kati Bai San Rabonsa Ba

A shekarar 1993 kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da wasan katin Magic: The Gathering, wanda masanin lissafi Richard Garfield ya ƙirƙiro. A rufe ake sayar da katunan, mai saye bai san abin da ya samu ba sai ya yage ledar. Wani ya dace da kati mai tsada, wani ya tashi da tarkace, mai kuɗi kuwa ya yi ta saye har ya tara abin da zai murƙushe kowa.

Sai wasu 'yan wasan suka ɓullo da wani salo da suke kira Cube. Mutum ɗaya ne ke zaɓo katuna daga dubban da aka buga ya haɗa akwatinsa, galibi guda 360, don mutum takwas su samu ƙunshi uku-uku, kowane ƙunshi kati 15. Kowa ya buɗe nasa, ya ɗauki ɗaya, ya miƙa wa na kusa da shi sauran, a yi ta zagayawa har su ƙare.

Wahalar tana wajen kafa ƙa'ida. Al'adar ita ce kada kati ya maimaitu, kuma launuka biyar na wasan, wato fari, shuɗi, baƙi, ja da kore, su samu kaso daidai. Sai maganar ƙarfi: akwai masu zuba katuna masu tsananin ƙarfi irin su Black Lotus, akwai masu bin salon Pauper, inda gama-garin katuna masu arha kaɗai ke shiga.

Amma abin lura shi ne mai akwatin ma zai zauna ya yi wasa, kuma da zarar an cakuɗa katunan bai san wanda zai faɗo hannunsa ba. In ya ƙarfafa ja ya raunana kore, mai yiwuwa koren ne zai zama rabonsa a daren. Wannan shi ne kusan tunanin da masanin falsafa John Rawls ya gina littafinsa A Theory of Justice a kai a 1971: dokar da ta fi kusa da adalci ita ce wadda mutum zai amince da ita alhali an sauke masa labulen da ya ɓoye masa matsayin da zai tsinci kansa a ciki, ko mai hali ko talaka. Rawls a zuci ya zana wannan labulen. Masu Cube suna sauke shi a kan tebur duk ranar da suka taru.

Ta fuskar addini tambayar takan zama: wannan sa'ar caca ce? Ba tambayar banza ba ce. Dokokin Magic na farko sun tanadi kowane ɗan wasa ya ajiye kati ɗaya wanda mai nasara zai tafi da shi, daga baya kamfanin ya yi watsi da hakan. A 2001 malaman Saudiyya sun haramta katunan Pokémon, caca na cikin dalilan da suka bayar. Sayen ƙunshi a rufe kuma yana tuna wa ɗalibin fiƙihu babin gharar, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Sai dai Musulunci ya bambanta caca da ƙuri'a. Suratu Ali Imrana ta ambaci jefa alƙaluma a kan wanda zai riƙi Maryam, kuma Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A Cube babu mai sayen abin da bai gani ba, babu mai komawa gida da katin wani. An tashi, komai ya koma akwati. Hukunci na malamai ne, amma siffar ta fi kama da ƙuri'a.

Labulen dai yana da ɓula. Mai akwatin ya san duk katunan 360 da yadda suke haɗuwa, baƙonsa kuwa yana lalube ne. Son ransa ma yakan leƙo, ya cusa katin da yake ƙauna tun yana yaro ko da bai dace ba. Shi ya sa masu gaskiya a cikinsu ke tura wa abokan wasa jerin katunan kafin a zauna, su kuma cire duk katin da aka yi ta kuka da shi. Wanda ya ɓoye jerinsa ya riga ya ci rabin wasan tun ba a raba ba.