Ƙofar da Ke Gaban Ƙofa

Duk shekara, da zarar an yi shelar jarrabawar shiga makarantun kiwon lafiya, sai shagunan kwafin takardu na Bukoki da kewayen kasuwar Katako su cika da samari da ƴan mata, kowa rungume da jakar leda. Abin da ke cikin jakar kusan iri ɗaya ne: takardar haihuwa, ta shaidar zama ɗan ƙasa, ta kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, wadda ba ta wuce wata 3 da fitowa ba, ta likita, sai kwafin BEPC ko BAC da hukuma ta buga wa hatimi. A yawancin jarrabawar gwamnati akan ƙara da iyakar shekaru. Ashe kafin jarrabawar alƙalami akwai wata da ake yi ba da alƙalami ba, kuma ita ce ta fi kayar da mutane. Wanda ya zauna ya faɗi, an gwada shi. Wanda aka mayar daga tagar karɓar takardu kuwa, babu wanda ya san abin da ke kansa.

Ba za a yi wa sharuɗɗan nan adalci ba sai an fara da wanda ba ya cikin layin, wato majinyaci. Matar da ke naƙuda cikin dare a wani ƙauye na jihar Doso ba ta da halin bincika ko ungozomar da ke kanta ta iya lissafin awon magani. Ta miƙa ranta ne bisa amana, hukuma kuwa ita ce ta tsaya mata shaida. Saboda haka sharaɗin takardar karatu ba zalunci ba ne, ko da ya yi wa wani ɗaci. Wanda bai iya karanta rubutun jikin kwalba ba, kyawun zuciyarsa ba zai hana allurarsa kisa ba. Haka ma takardar kotu tana da hujjarta, tun da makullin ɗakin magani za a damƙa wa mutum. Tausayin mai neman shiga bai kamata ya zama rashin tausayin mai jinya ba.

Sai dai ba duk sharuɗɗan ne ke tsare majinyaci ba. Wasu aikinsu kawai rage cunkoso, kuma abin da suke aunawa ba ƙwazo ba ne, sa'ar haihuwa ce. A ɗauki yarinyar da ta ci BEPC, aka yi mata aure, ta haihu biyu, ta yi jinyar surukarta shekara da shekaru, sannan ta dawo tana son zama ma'aikaciyar jinya. Ta fi ƙannenta sanin warin ɗakin mara lafiya da haƙurin kwana a zaune, amma kalanda ta riga ta yanke mata hukunci. Hujjar da akan kawo ita ce gwamnati na son wanda zai daɗe yana aiki kafin ritaya, don kuɗin da aka kashe a kansa ya biya. Hujjar tana da ƙarfi a zamanin da duk wanda ya gama makaranta ke samun aikin gwamnati kai tsaye. Wannan zamani ya wuce. Kuma tun daga shekarun 2000 makarantun lafiya masu zaman kansu sun yawaita a Yamai, inda babban sharaɗi shi ne iya biyan kuɗi. Ke nan katangar ba ta tare kowa ba, wanda ba shi da tsani ta tare.

Batun takardar haihuwa ya fi wannan zurfi. Binciken lafiyar jama'a na 2006 ya nuna kashi 32 cikin ɗari ne kawai na yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar. A 2012 adadin ya kai wajen kashi 64. Yaran 2006 su ne masu tsayawa layi a yau. Wanda iyayensa ba su yi masa rajista ba sai ya je gaban alƙali da shaidu, a ba shi hukuncin da ke maye gurbin takardar, wanda aka fi sani da jugement supplétif. Shi ya sa masu ranar haihuwa 1 ga Janairu suka yi yawa, sai ka ce matan ƙasar nan sun haɗa baki. Kuma sirri ne da kowa ya sani cewa ta wannan kafa ake rage shekaru. Ga inda abin ya zama na ɗabi'a: mai gaskiya ya faɗi shekarunsa, an mayar da shi gida, wanda ya samo shaidu biyu suka rantse a kan abin da ba su gani ba, ya wuce. Sana'ar da gaba ɗayanta amana ce, darasin farko da take koya wa ɗalibinta tun a bakin ƙofa shi ne ƙarya tana biya. Wanda ya saba gyara lamba a takardarsa, me zai hana shi gyara ta a rajistar magani?

Akwai abin lura a sunan makarantar kanta. Makarantar kiwon lafiya ta ƙasa da ke Yamai, ENSP, tana ɗauke da sunan Damure Zika, ɗan Sorko, wanda ya fito a finafinan Bafaranshen nan Jean Rouch irin su Jaguar, ya gaji magani daga kakanni, ya buɗe wurin duba marasa lafiya a Lamorde, ya kuma daɗe yana wayar da kai a rediyon ƙasa. Ya rasu a 2009. Shekarar haihuwarsa kuwa, “wajen 1923” akan rubuta. Da zai dawo yau da jakar leda, da wuya ya wuce tagar makarantar da aka raɗa wa sunansa ba tare da ya biya ta kotu ba.

Ita ma hukuma ta taɓa nuna cewa sharaɗi ba wahayi ba ne. Lokacin da shirin musamman na shugaba Tanja Mamadu ya fara gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka daga 2001, an zuba musu ma'aikatan da aka horar cikin ƴan watanni, domin buƙata ta matsa. An sassauta sharaɗin ilimi, wanda shi ne mai tsare majinyaci, yayin da na shekaru da na takarda suka tsaya daram a ƙofar babbar makaranta.

Matar nan mai ƴaƴa biyu tana zaune a tsakar gida a Bukoki, takardar BEPC a cinya. Kawunta ya ce ya san mutum biyu da za su yi mata shaida, shekara 4 kawai za a zabge. Ranar rufe karɓar takardu saura mako guda, ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba.