Sadakar da ba ta shiga hannu ba

Ɗan yayata ya zo hutu daga Yamai bayan an gama girbi. Muna zaune a zaure da la'asar sakaliya ya miƙo mini salularsa, ya ce, "Kawu, duba, ga Dawce." Na ɗauko tabarau. Abin da na gani ƴan akwatuna ne birjik, da wani siririn layi da ya ce hanyar Matameye ce. Ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton, sai ga gidanmu. Na gane shi da inda katanga ta lanƙwasa don ta kauce wa tsamiya. Ɗakuna huɗu, daidai. Amma a bayan gida an zana ƴan da'ira uku an haɗa su da ɗakunan mutane, alhali rumbuna ne, biyu na hatsi, ɗaya na dawa. Yaron ya ce masu ƙiyasta yawan jama'a wani lokaci rufin ɗaki suke ƙirgawa. Na ce to ashe damunmu ma sun shiga ƙidaya.

Na tambaye shi wa ya zana. Ya ce laƙabi kawai ake gani, mai yiwuwa wani ne a Turai ko Amurka da ya zauna gaban kwamfuta yana bin hoton tauraron ɗan Adam da linzami, ba a biya shi ko dala ba. Sunan taswirar OpenStreetMap. Wani Bature ɗan Ingila, Steve Coast, ya fara ta a 2004, a kan cewa kowa na iya ƙarawa, kowa na iya ɗauka kyauta. Ta yi suna a Janairun 2010, lokacin girgizar ƙasar Haiti, da masu sa kai suka zana titunan babban birnin cikin ƴan kwanaki don masu ceto. A 2014 kuma ƙungiyar likitocin MSF, waɗanda muka sani a asibitin yara na Magarya, suka haɗu da Red Cross da wasu suka kafa Missing Maps, don a zana wuraren da taswira ta manta.

Abin ya kwana a raina. Mutumin da bai taɓa shan ruwan garinmu ba ya ba da darensa saboda mu, kuma mutumin nan ya leƙa tsakar gidana ba sallama. Na rasa wanne zan riƙe, godiya ko ƙorafi. Washegari bayan asuba na tsaya wurin liman.

Na fara kawo masa ɓangaren lada, don ina da hujja. A hadisan da Tirmizi ya ruwaito an lissafa nuna wa ɓatacce hanya cikin sadaka. Kuma mun ga amfanin abin a maƙwabta. Da ake yaƙi da shan inna a arewacin Najeriya, masu rigakafi sun daɗe suna aiki da zanen hannu, ana tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba a sani ba. Daga wajen 2012 aka koma ga hotunan sama da na'urar GPS, ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin masu aikin, aka gano matsugunan da ba su cikin kowace takarda. A Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Yaron da ke tafiya da ƙafafunsa yau saboda an ga rufin bukkar uwarsa daga sama, wa zai ce masa leƙen haramun ne?

Sannan na kawo ɗaya ɓangaren. Gidan Bahaushe an gina shi ne don ya tare ido. Zaure, sai shigifa, ƙofofin ma ba sa kallon juna, don kada na waje ya hango tsakar gida. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, Hujurat ta hana bin diddigin mutane. Magabatanmu sun toshe gabas da yamma, kudu da arewa, ba su yi zaton baƙo zai zo ta sama ba.

Liman bai ɗauki wannan da zafi ba. Ya ce wanda ya ga jinka bai ga al'aura ba, shirwa ma tana ganin abin da ya fi haka. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Mushe, ka ce sadaka ce. To wa aka ba?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, mu aka ba."

Ya ce, "Kun karɓa?"

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san inda ya dosa. A mazhabarmu ta Malikiyya, kyauta da sadaka da hubusi ba sa kammala sai abin ya shiga hannun wanda aka ba, abin da malamai ke kira hauzi. In ka ce ka ba ni akuya amma tana ɗaure a turkenka har ka mutu, magada ne za su raba ta. Niyyarka tana wurin Allah, wannan ba mai taɓa ta. Akuyar dai ba ta zama tawa ba.

Sai na shiga lissafin abin da mutumin Dawce ke buƙata kafin ya kai hannu ga taswirar garinsu. Salula babba mai shafawa, wadda kuɗinta ya kai na buhun hatsi ko ya fi. Caji, wanda sai an kai wa mai sola a bakin kasuwa an biya. Rezo, wanda ke zuwa ya tafi, har wasu na riƙe da layi biyu, na nan da na Najeriya. Kuɗin intanet, a watan da ake auna tiya ana ƙirga kwanakin da suka rage kafin sabon hatsi. In duk ya samu waɗannan, sai karatun boko, domin sunan garin ma da rubutun Faransanci ya fi fitowa, Daouché. Dattijon da ke karanta ajami kamar ruwa, ya san kowace gona da wanda ya sare ta, a gaban wannan allo makaho ne. Matan gida kuwa, waɗanda suka fi kowa sanin wace rijiya ke ƙafewa a bazara, yawancinsu ƙaramar salula ce a ƙullin zane, in ma akwai. Ko mutanen birni sun ɗanɗana a 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka ga yadda duk wannan ilimi ke rataye da waya guda.

Na yi wa kaina gardama, don kada in zalunci mai kyauta. Hubusin da aka yi wa jama'a, kamar masallaci ko rijiya, hauzinsa shi ne a buɗe a bar mutane su yi amfani. Taswirar nan a buɗe take, ba a kulle ta ba. Hausawa na cewa rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. A nan gugan bai hana ba, babu shi ne, kuma ban san yadda ake kiran rijiya buɗaɗɗiya ga wanda ba shi da igiya ba. Akwai kuma wata mafita a fiƙihu: uba na karɓa wa ɗansa ƙarami. Ana iya cewa gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun karɓa a madadinmu, suna kawo mana allura da gidan sauro da ita. Haka ne, kuma mun gode. Sai dai wanda ake karɓa wa yaro ne, ko wanda hankalinsa bai cika ba. Ni na shekara talatin ina koyarwa a lakwal, wannan matsayi bai yi mini daɗi ba.

Abin da ya sa na ƙi sakin maganar shi ne mun taɓa gani. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar nan suna kafa alamun iyaka daga Kwara zuwa tafkin Cadi, bisa layin da aka shata a Turai.  Yau in zan je gaisuwar mutuwa wurin dangi a Mai'aduwa ko Daura, sai na bi ta Ɗan Barto na nuna takarda. Masu sa kai na yanzu ba su zo da bindiga ba, ban haɗa su da waɗancan ba. Amma zanen da ake yi maka ba ka wurin, ko da kyakkyawar niyya, wani ne zai yanke hukunci da shi: inda za a haƙa rijiya, inda za a kai likita, ƙauyen da za a ce unguwa ce ta wani. Kuma ba yau muka san taswira ba. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton taswirar ƙasar nan a Sakkwato. A ranar, mu ne masu bayarwa, Bature ke karɓa.

Ɗan yayata ya ce ba a zauna ba. Tun 2013 ɗaliban labarin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni suka fara wani aiki da suka kira Mapping for Niger, suna komawa garuruwansu da na'ura suna saka makarantu da asibitoci da hanyoyi, kuma akwai ƙungiyar OpenStreetMap ta ƴan Nijar. Shi ma ya buɗe asusu. A gabana ya gyara rumbunan nan uku, da ya samu rezo a kan tudu bayan makaranta. Na ce wannan gidan kawunka ne, saura na mutane.

Kafin ya koma na ba shi jika biyu, ya je Matameye ya bugo taswirar a manyan takardu huɗu, muka manna su da gam muka kafa a bangon zaure. Ran nan har aka kira magariba mutane na tsaye. Wani ya ce hanyar da aka zana ta gabas burtali ce, mota ba ta bi. Wani ya nemi maƙabarta ya rasa. Liman ya sa aka rubuta masa Dawce da ajami a saman takardar. Yayata ta shigo da dare bayan maza sun watse, ta haska da cocila, ta daɗe tana dubawa, ta ce rijiyar da aka sa a kudu ta rufta tun shekarar da aka haifi autanta, wadda ake sha kuma ba ta ciki. Na ba ta fensir, ta ce ba ta iya riƙewa ba, ta dangwala yatsa a toka ta ɗora a wurin.

Gyare-gyaren sun kai goma sha ɗaya yanzu, har da tabon tokar. Yaron ya ce sai hutun babbar salla zai zo ya shigar da su.