Wa Zai Biya Mai Masauki?

Karatu: Luka 10:25-37, Markus 5:25-34



Wani dare, wajen ƙarfe ɗaya, aka buga mini waya daga wani asibiti. Matar wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu ce naƙuda ta yi wa tsanani. Likita ya ce sai an yi tiyata, amma sai an ajiye kuɗi tukuna. Mijin ɗan acaɓa ne, abin da ke aljihunsa ko kuɗin ƙarin jini bai kai ba. Muka shiga tashin mutane daga barci. Wata gwauruwa ta kwance bakin zanenta, wani dattijo ya kawo kuɗin takin da ya ajiye. Kafin gari ya waye kuɗi ya cika. Uwa ta rayu, jaririn kuwa ba a same shi da rai ba.

Ba wanda ya yi rowa a daren nan. Mun yi addu'a, mun kuma ba da abin da muke da shi. Amma alherinmu ya iso a makare da awa huɗu. Tun daga ranar nake tambayar kaina: daidai ne rai ya tsaya jiran kuɗi? In ba daidai ba ne, nauyin wa ne ya tabbata kuɗin yana nan tun kafin ciwo ya zo?

Ka sake duba labarin Basamariyen nan. Yawanci mukan tsaya a kan hanyar Yariko, inda ya ɗaure raunukan mutumin ya ɗora shi bisa dabbarsa. Amma Yesu bai ƙare labarin a nan ba, ya kai mu har wurin biyan kuɗi. Kashegari Basamariyen ya ba mai masauki dinari biyu, wato ladan aikin kwana biyu na ɗan ƙwadago, ya kuma ɗauki alkawarin cike duk abin da za a ƙara kashewa. Bai san sunan majiyyacin ba, ba kabilarsu ɗaya ba, bai kuma san nawa jiyyar za ta ci ba. Ya biya ne domin kada mai masauki ya tsaya lissafi alhali mutum yana kwance. Ƙaunar maƙwabci da Ubangiji ya kwatanta ta haɗa da lissafin asibiti.

Markus kuma, da yake ba da labarin matar nan mai zubar jini shekara 12, bai manta ya gaya mana cewa ta kashe dukan abin da take da shi a hannun masu magani ba. Cuta biyu ke gare ta: ta jiki da ta talauci. Kai ma ka san irinta. Ka san wanda ya sayar da gona saboda ciwon ƙoda, ka san wadda ta cire 'ya'ya daga makaranta saboda jiyyar miji. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa, a ranar da suka fi kowa rashin ƙarfi.

Domin wannan ne ake maganar inshorar lafiya ga kowa. Ma'anarta ba wuya: mutane da yawa suna zuba kaɗan-kaɗan tun suna da lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga abin da aka tara. Kamar adashi ne, sai dai adashin da kowa ke roƙon Allah kada kwasa ta zo kansa. A 2022 aka sa hannu a dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta inshorar ga kowane mazaunin Najeriya, ta kuma tanadi asusu domin masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da matalauta. Kafin ta, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, ta kuma hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Jihohi irin su Filato, Kaduna, Kano da Gombe suna da nasu hukumomin da ɗan kasuwa ko manomi zai iya yin rajista.

Na san abin da wani zai ce: "Mai bishara, ni ba ni da rabo da cuta. In na biya inshora, ba na gayyatar ciwo ke nan ba?" Ina gaskata da warkarwa ta allahntaka, na kuma ga Ubangiji ya tashi waɗanda likita ya fid da rai a kansu. Amma ka tuna, bayan Allah ya yi wa Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Luka likita ne, yana kuma cikin ayarin Bulus. Bulus ɗin nan da Allah ya yi al'ajibai ta hannunsa, ya bar Tarofimas a Militas da rashin lafiya. Yusufu ya tara hatsi shekara 7, ba wanda ya ce ya rasa bangaskiya. Tanadi ba gayyatar masifa ba ne.

Wani kuma zai ce: "Na biya shekara guda ban je asibiti ko sau ɗaya ba, kuɗina ya tafi a banza." A nan ne zuciyar maganar take. Kuɗinka bai ɓata ba. Ya zama allurar wani yaro, ya zama zaren ɗinkin wata uwa da ba za ka taɓa gani ba, mai yiwuwa ma ba addininku ɗaya ba. Ka biya mai masauki ke nan. Lafiyar da ka yi shekarar nan kyauta aka ba ka, abin da ka zuba kuwa godiya ce.

Akwai ƙorafi na uku, shi kuwa ba zan raina shi ba: ana zuwa da kati a ce ba magani, ana sa mai inshora jiran da mai tsabar kuɗi ba ya yi, ana kuma tsoron masu cin amana. Gaskiya ne hakan na faruwa. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya, har yau gwamnatin tarayya ba ta kai ba. Amma in rijiyar gari ta ƙazantu, yashe ta ake yi, ba a cewa kowa ya haƙa tasa. Mu shiga, mu riƙe shaidar biya, mu kai ƙara inda ya kamata, mu tambayi masu neman ƙuri'armu abin da suka yi wa asibitin unguwa.

Saboda haka, ɗan'uwa, a wannan mako ka nemi ofishin hukumar jiharka ka ji sharuɗɗan rajista. Ka yi wa gidanka. In Allah ya buɗa maka, ka yi wa gwauruwa ɗaya ko maraya ɗaya. Zumuntar mata da ta maza, ku zauna ku duba: baikon da muke tarawa da tsakar dare cikin kuka, ba zai fi amfani ba in mun tara shi da rana tun kowa yana tsaye da ƙafarsa?

Addu'a: Ya Uba, kai ne mai warkarwa. Ka gafarta mana inda alherinmu ya yi latti. Ka ba mu zuciyar biya domin wanda ba mu sani ba, ka ba shugabanninmu tsoronka a kan dukiyar majiyyata. Cikin sunan Yesu, amin.