"Ga Makulli, Ka Ji da Kanka": Wa Gwajin Mota Yake Wankewa?

Mutumin Gaya ko Ajingi da ya tara kuɗin riɗi ko na gyaɗa yana neman Golf ta haya, galibi Kano yake nufa, ya bi ta Wudil ya faɗa hannun dillalai. Idan an daidaita, sai a miƙa masa makulli a ce ya zaga ya ji da kansa. Ana ɗaukar wannan a matsayin ƙarshen adalci. Ni kuwa ina ganin sau da yawa dabara ce ta sauke nauyi daga wuyan wanda ya sani zuwa wuyan wanda bai sani ba.

Me zagayen minti goma a kan kwalta zai nuna? Inji bai gama ɗaukar zafi ba, balle lagireto ya tona asirinsa. Baƙin mai mai kauri yana danne ƙara, sabon fenti yana rufe bodin da aka buga. Motar kuwa aikinta yana can hanyar Toranke da damina, da buhuna a baya da mutum bakwai a ciki. Mai sayarwa ya san haka sarai. Ranar da giya ta ƙi shiga, amsarsa a shirye take: "Ai Alhaji, kai ka tuƙa da hannunka."

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Sun halatta ciniki bisa zaɓi, a yanka wa'adin da zai isa a jarraba haja, kamar kwana uku ga dabba. Amma sun ware wani haƙƙi daban, na mayar da abin da aka ɓoye aibinsa. Gwaji bai shafe wajibcin bayyanawa ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi, kuma mai kayan ya tuhuma, bai ce masu saye su koyi tona tsibi ba.

Dillali yana da tasa hujjar, ban kuwa raina ta ba: idan ya faɗi aibi, mai saye zai tsallaka wurin maƙwabcinsa da ya yi shiru, la'ada ta bi shi. Masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya nuna a 1970 inda wannan ke kaiwa: mai saye da ya kasa bambance mai kyau da gwanjo yakan taya kowace mota da farashin zargi, masu motocin kirki su janye, kasuwa ta rage wa tarkace. Shirun da ya ceci cinikin yau shi ke karya darajar motar gobe.

Akwai kuma wanda ko makullin ba ya samu. Manomi ya shigo da ƙurar hanya a ƙafa, a bar shi tsaye a rana ana duban takalminsa, mai babbar riga ya iso a bayansa a ba shi kujera da ruwan sanyi. Shi ya sa mutanenmu kan biya bakanike kuɗin mota da na wuni ya rako su tun daga Gaya, ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, ya tambayi ƙarfe abin da mai ita ya ƙi faɗa.