Rumbu da Littafi a Gidan Mai Bi

Tattali da rowa suna kama da juna kamar gero da maiwa tun suna ƙanana a gona. Mai tattali yakan riƙe hannunsa, marowaci ma haka. Dukansu sukan ce babu a ranar da jama'a ke cewa a kawo. Saboda haka ya kamata iyaye masu bi su tambayi kansu: yaushe riƙon hannu yake zama nagarta, yaushe kuma yake zama zunubi? Wata tambaya kuma tana bin bayan wannan. Gidan da abin hannunsa bai taka kara ya karya ba, daidai ne ya fid da kuɗi ya sayi littafi, ko kuwa wannan ɓarna ce?

A ƙasar Binduri, wadda aka yanke daga Bawku ta zama gunduma mai zaman kanta a 2012, waɗannan tambayoyi na tukunyar tuwo ne. Damina ɗaya ce a shekara. Da rani manoma da yawa sukan gangara bakin kogin Farin Bolta su yi lambun albasa da kankana. Kuɗin gida yakan shigo a dunƙule sau ɗaya ko sau biyu, amma ciki yana neman nasa kowace rana. Lokacin da kowa ya cire albasa farashi yakan faɗi, ga kuma ta Galmi daga Nijar tana shigowa kasuwa. A shekaru da yawa, wajen watan Agusta ko Satumba, akan buɗe madatsar ruwa ta Bagre a Burkina Faso, kogi ya cika ya cinye gonakin da ke bakinsa. A watan Disamba na 2022 kuwa hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100. Wanda ya dubi waɗannan abubuwa ba zai yi saurin cewa talaucin manomi laifin hannunsa ne ba. Tattali ba ya tare ambaliya, ba ya kuma tsai da farashi. Abin da yake iya yi shi ne ya sa ɗan abin da ya tsira ya kai iyali zuwa sabon hatsi.

Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin mutum biyu waɗanda suka tara hatsi. Na fari shi ne Yusufu a Masar, wanda ya ba Fir'auna shawara a riƙa ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa a shekaru bakwai na ƙoshi. Na biyu shi ne mai arzikin nan na misalin Yesu cikin Luka sura 12, wanda gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura zai rushe rumbunansa ya gina manya. Aikinsu iri ɗaya ne, amma an yabi ɗaya, an kira ɗaya wawa. Yusufu ya tara ne yana duban ranar da zai buɗe, da yunwa ta zo kuwa ya buɗe, har 'yan'uwan da suka sayar da shi suka ci. Mai arzikin nan bai ambaci kowa cikin shirinsa ba sai ransa. Ashe ma'aunin tattali shi ne amsar wannan tambaya: domin wa ake ajiyewa, ranar me kuma ake jira? Ajiyar da take da ranar buɗewa da mutanen da za su ci, ita ce tattali. Wadda ba ta da ko ɗaya cikin biyun nan rowa ce, ko da mai ita ba ya fashin sujada ran Lahadi.

Akwai gargaɗi kuma cikin labarin Yahuza. Sa'ad da Maryamu ta Betanya ta zuba wa Ubangiji turare mai tsada, Yahuza ne ya yi lissafin dinari 300 ya kawo zancen matalauta, alhali shi ne mai sa hannu a jakar kuɗi. Maigidan da ke hana matarsa kuɗin cefane da sunan tanadi, ran kasuwar Bawku kuwa a same shi a gidan burkutu, ko yana buga cacar ƙwallo a waya, ya bi sawun Yahuza. Tattalin gaskiya daga bakin maigida yake farawa kafin ya kai kwanon yara.

Wani zai ce zumunci fa? A ƙasar nan makoki ba na gida ɗaya ba ne, wanda bai kai gudummawa ba kuwa za a tuna masa ranar da tasa ta same shi. Wannan magana tana da nauyi, gama zumunci shi ne rumbun wanda ba shi da rumbu. Mai bi ba zai yanke shi don ya cika aljihu ba. Amma gudummawa dabam, gasa dabam. Wanda ya sayar da irin shuka ko ya ci bashi mai ruwa don a ce makokin ubansa ya fi na maƙwabta, ya girmama matacce da abincin rayayyu. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti cewa mutumin da ya ƙi kula da iyalinsa ya yi musun bangaskiya ke nan. Gara a kai ɗan kaɗan da wuri, da ƙafa da hannun aiki, da a kai mai yawa wanda yara za su biya da yunwar watan Yuli.

Fataken Hausa da suka riƙa zuwa Salaga sayen goron Gwanja sun san wannan ilimi. Tafiyar watanni ce daga Kano, wanda ya cinye guzurinsa tun zango na uku kuwa ba zai ga kasuwa ba. Shekarar manomi ma tafiya ce mai zango-zango. Gidan da ya zauna tun ranar da aka sayar da albasa, miji da mata tare, suka ware kuɗin iri da taki, da hatsin da zai kai kaka, da na makaranta, da na sabunta katin inshorar lafiya, da baiko, da na zumunci, ya yi aikin madugu nagari. Abin da ya ragu a zuba a adashi, wanda ake kira susu a Gana. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe: kuɗin da ya kwana bakwai a aljihu ba a raba shi ba, ya riga ya sami masu shi.

To, ina wurin littafi cikin wannan rabo? Masu cewa yaro ba ya cin takarda sun faɗi gaskiya. In zaɓi ya tsaya tsakanin mudun gero na yau da littafi, gero ne gaba, ba kuwa zunubi a ciki. Amma ba kasafai zaɓin yake tsayawa haka ba. Yawanci littafi yana takara ne da katin waya, ko sabon zane na biki, ko goro da taba. Waɗannan duka sukan ƙare cikin kwanaki ko watanni, littafi kuwa wa ya karanta ya bar wa ƙane, ƙane ya ba maƙwabci aro. In an raba kuɗinsa bisa ga shekarun da zai yi da hannuwan da zai ratsa, da wuya a sami abin da ya fi shi araha a cikin gida.

Ya kamata kuma a tuna da tsadar da littafin nan ya yi wa waɗansu. 'Yan mishan na Katolika sun sauka Naborongo a 1906. Mishan na Basel ya buɗe tasha a Yendi a 1913, Yaƙin Duniya na Fari ya tashe su a 1916. A 1931 'yan Assemblies of God suka zo Yendi daga ƙasar Mosi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Kusasawa ba su sami Sabon Alkawari cikin harshensu ba sai 1976, cikakken Littafi kuwa sai 2016, watau shekara 110 bayan saukar mishan na fari a arewacin ƙasar. Abin da kakanni suka mutu suna jira, abin kunya ne jikoki su sa shi a ƙarƙashin akwati gara ta ci. Wannan ma almubazzaranci ne, ko da ba a kashe ko kwabo ba.

Maƙwabta Musulmi na zango suna da abin koyi a nan. Makarantar allo ba ta bukatar kome sai katako, da alƙalamin kara, da tawadar da aka dafa a gida, da malami mai naciya. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya koma Kete Karachi bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a can a 1934, ya bar rubuce-rubuce da yawa da Hausa da Larabci, har da waƙa a kan talauci da wadata inda ya nuna yadda duniya take raina matalauci. Ilimin da ya haifi irinsa da kayan aiki masu araha aka same shi. Abin da aka kashe masa mai yawa shi ne lokaci.

Haka yake a gidan mai bi. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ɗora koyar da yara a wuyan iyaye, a zaune a gida, da tafe a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Ba ta ɗora shi a kan fasto ko malamin makarantar Lahadi ba. Timoti ya san Littattafai tun yana ɗan yaro, bangaskiyarsa kuwa ta fara zama ne cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afniki. Minti 15 bayan tuwon dare sun isa: a karanta ɗan guntu, a tambayi yara abin da suka ji, a yi addu'a. Uban da bai yi boko ba kada ya ji kunya. Sai ya ce, "'Yata, ɗauko Littafin ki karanta mana." Ita ta kawo baƙaƙen, shi ya kawo ma'ana daga abin da ya gani a duniya. A karanta da harshen da kaka take ji, Kusal ko Hausa, a bar Turanci ga aikin makaranta. Ban da Littafi Mai Tsarki, littafin waƙoƙi, da labarun masu bi na dā, da ƙananan littattafan noma da kiwon lafiya duk suna da amfani. Gidaje biyar na ikilisiya ɗaya in kowanne ya sayi littafi dabam suka riƙa musaya, kowane yaro ya sami biyar a kan kuɗin ɗaya.

A nan ne tattali da karatu suke haɗuwa. Yaron da ake hana shi abu ba a gaya masa dalili ba, zai tashi yana ganin ubansa marowaci, ranar da ya sami nasa kuwa zai watsar don ramuwa. Amma wanda ya ji labarin Yusufu da dare, da safe ya ga uwarsa tana auna hatsi da mudu, ya kuma ga an ɗebi mudu ɗaya an kai wa gwauruwar da ruwa ya ci gonarta, ya fahimci abin da rumbu yake domin sa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji Yesu, bayan ya ciyar da mutum 5,000, ya sa almajirai su tattara gutsattsarin da suka ragu, har suka cika kwando 12. Wanda ya ba da abinci a yalwace shi ne kuma ya hana a zubar da saura. Allah ya ba iyayen Binduri, da na Bawku, da Yendi, da Salaga hikimar bin wannan gurbi, su san ranar rufe rumbu da ranar buɗe shi, su kuma buɗe Littafin a gaban 'ya'yansu kowace maraice.