Ko Ya Dace a Kai Ɗalibi Ya Ga Coci?

Abin da ya tayar da wannan magana wani gajeren labari ne da wani ɗan'uwa marubuci ya karanta mana a zaman karatu na reshenmu, watanni kaɗan da suka wuce. A cikin labarin, ruwan sama ne ya koro wata yarinya ta faɗa wani cocin ECWA a wani gari kusa da Birnin Kudu, sai ta tarar da jama'a sun durƙusa gaban wani ƙaton gunki, ga turare yana tashi, ga fasto cikin baƙar riga yana ta surkulle da wani harshe da ba a ganewa. Labarin ya yi daɗi, Hausarsa kuma ba laifi. Da aka zo wajen sharhi sai wani dattijo daga cikinmu, tsohon malamin makaranta, ya tambaye shi, "Malam, ka taɓa shiga?" Ya ce a'a, Allah ya kiyaye. Dattijon ya ce, "To ai babu gunki a cocin ECWA, kuma a nan wajejen da Hausa suke yi, Hausar ma irin taka." Aka yi dariya aka wuce. Mu dai dariyar ba ta kai mana ciki ba, domin da za a ce kowannenmu ya ɗauki biro ya siffanta cikin coci, da akasarinmu abin da za mu rubuta ke nan, ko ma abin da ya fi shi muni.

Dattijon nan shi ne ya ba mu labarin wata al'ada ta makarantun Ingila, wadda ita ce muke son mu tattauna a kanta. A can darasin addini dole ne a makarantun gwamnati tun dokar ilimi ta 1944, sai dai uba yana da ikon ya cire ɗansa daga darasin in ya ga dama. Dokar 1988 kuma ta ce a ba addinin Kirista babban kaso, amma a koyar da sauran manyan addinan da ke ƙasar. Saboda haka coci-coci da yawa sukan shirya wa 'yan makaranta bita ta rabin yini. Malamai su kwaso yara su kawo su ranar da ba a ibada, a nuna musu mumbari da bagade da kwamin da ake yin baftisma, a bayyana musu abin da Kirsimeti da Ista suke nufi ga masu yin su, wani lokaci har a sa su ɗan wasan kwaikwayo ko zane. Wani zangon kuma sai a kai yaran nan masallaci, liman ya nuna musu wurin alwala da alƙibla da yadda ake sahu. Kada mai karatu ya ɗauka can ɗin ma abin yana tafiya sumul. Akwai iyayen Turawa da sukan ƙi sa hannu a takarda in an ce masallaci za a je, kuma tsoron da yake zukatansu bai bambanta da wanda zai zo wa uba a Gwaram in an ce masa coci za a kai ɗansa ba.

Wannan ba al'adar makarantunmu ba ce. Tambayar ita ce, da za a kawo ta, daidai ne ko kuskure?

Bari mu fara duba su wane ne a garuruwan namu. Birnin Kudu da Gwaram garuruwan Musulmi ne, wannan ba abin musu ba ne. Amma duk wanda ya taɓa jinya a asibitin tarayya na Birnin Kudu ya san hannun Kirista ya taɓa shi. Akwai 'yan bautar ƙasa da ake turowa makarantunmu kowace shekara, akwai masu shagunan magani da kayan gyaran mota, akwai 'yan sanda da malamai, sa'an nan akwai 'yan ƙasa haifaffun nan, Hausawa da Warjawa na wajen iyakar Bauchi, waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka karɓi Kiristanci. 'Ya'yan waɗannan mutane benci ɗaya suke zama da namu. Yaron Kirista a Gwaram ya san lokacin kowace salla domin ladan yana tashinsa da asuba, ya san azumi, ya san abin da ake cewa in an yi atishawa ko an yi rasuwa, wani ma ya haddace Fatiha don yawan ji. Abokinsa Musulmi kuwa abin da ya sani game da coci bai wuce ƙarar ganga ranar Lahadi da abin da ya tsinta a bakin yara 'yan'uwansa ba. Wato ɗaya ya san ɗaya ciki da waje, ɗayan kuwa sai jita-jita. Ita kuwa jita-jita mun ga abin da take haifarwa. A watan Satumba na 2006, magana ce ta tashi a Dutse, babban birnin jiharmu, kan zargin ɓatanci, kafin a ankara an ƙone coci-coci da shaguna. Ba mu ce da an taɓa kai matasan nan ziyara da ba su yi ba. Abin da muka sani dai shi ne, ɗakin da mutum bai taɓa ganin cikinsa ba ya fi sauƙin cinna wa wuta.

Wani daga cikinmu ya kawo hujja mai daɗin ji. Ya ce ai shekara da shekaru ana kwasar ɗalibai ana kai su Dutsen Habude da Dutsen Mesa a nan Birnin Kudu, su ga zanen shanun da mutanen da suka yi a jikin duwatsu, da duwatsun kiɗan nan da Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Waɗanda suka yi zanen nan ba Musulmi ba ne, kuma ba a taɓa jin yaron da ya je ya dawo yana bautar dutse ba. To me ya sa za a ji tsoron coci? Da farko mun so mu yarda, amma da muka sake juya maganar sai muka ga tana da rami. Masu zanen dutse sun mutu tun tuni, ba sa kiran kowa zuwa ga komai. Coci kuwa yana raye, kuma yin bishara wajibi ne a wurin mai shi, kamar yadda da'awa take wajibi a wurin Musulmi. Duk wanda ya ce kai yaro coci daidai yake da kai shi gidan tarihi, to bai girmama Kiristan ba, domin ya mayar da addininsa kayan kallo, bai kuma girmama uban yaron ba, domin ya mayar da damuwarsa wauta.

Damuwar kuwa tana da asali. A 1900 ne Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. A 1903 Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnatinsa ba za ta sa baki a addinin jama'a ba, shi ya sa aka daɗe ana taka wa 'yan mishan burki a ƙasashen sarakuna. Inda suka sami shiga, ta ƙofar makaranta da ta magani suka shiga, kuma su da kansu ba su ɓoye cewa manufar ita ce bishara ba. Makarantar Miller ta birnin Zariya, wadda ta koma Wusasa a 1929, ta fitar da mutane masu ilimi ƙwarai, ta kuma fitar da 'ya'yan Musulmi da suka koma Kirista. A ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram suke ƙarƙashinta a lokacin, aikin jinyar kutare ne ya faɗaɗa wa mishan hanya a shekarun 1930. Kakanninmu sun ga wannan da idonsu, shi ya sa suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo ɗibar 'yan makaranta, ko da makarantar ta En'e ce. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kuskure ne mu 'yan boko mu zauna muna yi wa wannan tsoro dariya.

Doka ma ta san da shi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin wani addini da ba nasa ba, ko halartar ibadarsa, ko abin da iyayensa ba su amince da shi ba. Mai karatu zai kuma tuna hayaniyar da aka yi a 2017 lokacin da aka ji an cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista ƙarƙashin inuwar darasi guda a manhajar ƙananan makarantu, Musulmi suka yi ca, Kirista suka yi ca, har gwamnati ta raba su. A ranar dai bakin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya, kowa yana cewa a bar masa ɗansa.

To ina mafita? Mu a ganinmu akwai tazara tsakanin sanin abu da bin sa, kuma tarihinmu ya nuna ana iya tsayawa a cikin tazarar nan. An ruwaito cewa da aka miƙa wa Sayyidina Umar birnin Ƙudus, babban limamin Kiristocin birnin ya zagaya da shi, lokacin salla ya riske su a babban cocinsu, aka ce ya yi sallarsa a nan. Sai ya ƙi, ya fita waje ya yi, don kada Musulmi na baya su kafa hujja da shi su ƙwace wurin. Ya je, ya gani, ya saurara, bai haɗa ibadarsa da tasu ba, kuma ƙin nasa ma kariya ce gare su. Haka nan malaman tarihi sun kawo cewa tawagar Kiristocin Najran da ta zo Madina a masallaci aka karɓe ta aka yi muhawara. Hukuncin shiga coci kuwa malamai sun yi saɓani a kai, wasu sun ƙyamace shi saboda hotuna da siffofi, wasu sun sassauta in ba ibada aka je yi ba. Fatawa ba aikinmu ba ce, mun bar wa masu ita. Namu shi ne mu ce abin bai kai yadda ake kururuta shi a majalisar shayi ba.

Amma nauyin da ya fi girma yana kan mai masauki. Yaron da aka kawo maka ɗakin ibadarka amana ce, ubansa ya ba da shi ne don ya gani ya ji, ba don a yi masa tarko ba. Fasto ko liman da zai karɓi irin waɗannan baƙi dole ya iya cewa "mu haka muka yi imani", ya tsaya nan, ya haɗiye sauran maganar da take cin ransa. Wannan abu ne mai wuya ga mai imani na gaske, domin yana ganin gaskiya ce a hannunsa, ga kuma yaro a gabansa. In ya san ba zai iya haɗiyewa ba, gara ya ce kada a kawo. Ranar da aka sa yaro ya rufe ido a yi addu'a tare, ko aka cusa masa 'yar takarda a aljihu, ko aka ce ya maimaita wata kalma, to ziyara ta ƙare, an shiga wani abu dabam, kuma shugaban makarantar da ya kawo shi ya ci amanar uban.

A nan ne ya kamata mu juya madubi mu dubi kanmu, abin da ba mu cika so ba. Yaron Kirista da yake makarantar gwamnati a garuruwanmu, sau nawa ake buɗe taron safe da addu'ar da ba tasa ba? Sau nawa yake zaune a aji ana darasin addinin Musulunci saboda babu malamin nasa darasin, babu kuma inda zai je? Wa ya taɓa aika wa ubansa takarda yana neman izini? In muna ganin wannan ba komai ba ne saboda mu ne masu yawa, to mu tuna akwai garuruwa a ƙasar nan inda ɗan Musulmi ne yake zaune shi kaɗai a aji ana waƙar coci, kuma in labarin ya iso mu ranmu ɓaci yake yi. Abin da ba mu yarda a yi wa namu a can ba, da wane baki za mu kare shi a nan?

Saboda haka, da za a tambaye mu, ba za mu ce a kwashi 'yan firamare a kai su ba, domin yaron da bai gama sanin nasa ba ba shi da ma'aunin da zai auna na wani. Ɗaliban babbar sakandare kuwa, waɗanda gobe za a tura su bautar ƙasa Inugu ko Kalaba, ba mu ga aibi ba in iyayensu sun sa hannu, aka je ranar da ba a ibada, malaminsu na addini yana tare da su, sa'an nan aka rama ziyarar, wato 'yan'uwansu Kirista su ma aka kai su suka ga masallaci bisa sharaɗi iri ɗaya. Duk da haka mun san garinmu. Shugaban makarantar da ya tashi da wannan shi kaɗai, bai shawarci hakimi da malamai da ƙungiyar iyaye ba, yana iya tayar da wutar da ya so kashewa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, waɗanda a da suke gaba da juna kafin su haɗa kai a 1995, ba da yara suka fara ba. Da kansu suka fara, kuma kowannensu ya sha zargi daga mutanensa.

Wataƙila mu marubuta ma nan ya kamata mu fara, tunda abin da muka rubuta yana shiga ɗakunan da malamin makaranta ba ya shiga. Ɗan'uwanmu mai labarin nan dai ya je. Wata Talata da hantsi ya sami mai gadin wani ƙaramin coci, ya gaya masa abin da yake tafe da shi, mutumin ya buɗe masa ƙofa ya koma gefe. Ya ce abin da ya gani benci ne na katako, da ganguna biyu, da tukwanen kiɗan zumuntar mata a jingine a lungu, da allo an rubuta lambobin waƙoƙi da alli, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya yage an ɗaure shi da roba. Bai yi minti goma ba ya fito, ya yi godiya, mai gadin ya ce ya gai da gida. Ya cire gunkin daga labarinsa, ya cire turaren da baƙar rigar. A zamanmu na ƙarshe mun tambaye shi ina labarin ya kwana, ya ce yarinyar tana nan zaune a benci na baya tana jiran ruwa ya ɗauke, wata tsohuwa ta miƙa mata zane ta goge jikinta, shi kuma har yanzu bai san abin da zai sa su ce wa juna ba.